Yayan Delbert Mai Furfurar Sukari

"Ni? Inshorar lafiya ta tsofaffi? Ku dube ni da kyau!" in ji Delbert, yana dukan ƙirji a shagon kofin da muke taruwa kullum da safe. "Shekarata hamsin da bakwai cif. Ku masu tauna da haƙoran roba, ku je ku bi wa gwamnati layi."

To abokina, ajinmu ɗaya da Delbert tun firamare, ni kuwa na cika sittin da biyar. Shi ne dai ya tsaya cak a hamsin da bakwai kamar motar da mai ya ƙare mata. Gashi baƙi ƙirin, amma daga kwalbar rini. Duk wannan wahalar saboda Lorna ce, wata bazawara mai kaɗa mana piyano a coci, wadda gogan yake mutuwar so.

Sai gwiwa ta ci amanarsa. Likita ya ce sai an sa ta ƙarfe, ga shi inshorar wurin aiki ta tafi da ritaya. Ka kuma san dokar: 'yan watanni ake ba ka ka yi rajistar inshorar gwamnati idan ka cika sittin da biyar, in suka wuce sai jira, tara kuma ta bi ka har kabari. Watannin Delbert saura ƙiris.

Ya fara gwadawa ta waya. Kunnen saurayin namu bai ji komai ba, ya yi ta "Eh? Me kika ce?" har batir ya mutu.

"Na samo dabara," ya raɗa mini. "Can wani gari za mu je, inda ba wanda ya san ni. Kai za ka tuƙa."

"Yaro kamarka ba ya iya taka birki?"

"Rufe mini baki, tsohon banza."

Muka yi ta zabga tafiya cikin ƙanƙara har zauren tsofaffin garin, inda masu aikin sa kai ke taya mutane rajista, ga kofi da donat, wato irin fanken Turawa, kyauta. Muna shiga, wa za mu gani a bayan tebur? Lorna! Ashe duk Talata nan take zuwa taimako.

"A'a, Delbert! Me ya kawo ka?"

"Ni? Ai... yayana na kawo. Harold. Tsoho ne tukuf, yana mota."

"To ya shigo mana, ai sai da shi."

Wallahi na ɗauka nan zai saduda. Ina! Gogan ya wawuri donat uku masu farin garin sukari, ya ja ni waje. A cikin mota ya murje su a kansa har ya yi furfura fat, ya ƙwace tabarauna da rigar sanyina, ya ɗauki sandar share ƙanƙara ya dogara. Ɗingishi ne kaɗai bai sha wahalar koyo ba.

"Sannu 'yata," ya ce da Lorna, murya na rawa. "Ni ne Harold."

"Sannu Baba, zauna. Ina Delbert ɗin?"

"Yana can yana guje-guje. Kin san yara."

Zauren nan da ɗumi kamar gidan burodi. Zufa ta karyo wa Baba Harold, sukari ya narke, rini ya biyo shi, wani baƙin ruwa mai yauƙi ya gangaro ta bayan kunne. Ɗan karen wata tsohuwa ya ɗare kujera ya hau lasar masa ƙeya. Ni dai na cusa hula a baki don kada in fashe.

"Baba, ba ni lasisin tuƙinka."

Ya miƙa ba tunani. Ta duba, ta ɗago.

"Ai wannan Delbert aka rubuta."

"E to... mu duka biyun Delbert ne. Mahaifiyarmu ba ta son wahala."

Lorna ta ajiye biro, ta yi dariya har da hawaye. Delbert ya cire tabarau, ya yi tsuru-tsuru, sai da ya ba ni tausayi.

"Shi ke nan Lorna, na yi ƙarya. Sittin da biyar ne. Na san kin yi mamaki."

"Mamaki kai!" ta ce, tana sake duba lasisin da kyau. "Sittin da biyar kacal? Bawan Allah, ai mu matan coci duk mun ɗauka ka yi rajistar nan tun shekara goma da suka wuce!"