Ranar Da Na Binne Tanimu Da Ransa

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tsaya gaban malaman ƙasar Lafia na kashe yaron da mai littafin bai kashe ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin ina ƙaramin malami a wata firamare a cikin garin Lafia, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Ba ni da takardar shaidar koyarwa. Abin da na mallaka farar riga ce guda, da alƙalami a aljihun gaba, sai baki (bakin kam Allah ya ba ni, ko maƙiyina bai musa ba). Duk shekara akan ɗauki malami ɗaya daga yankinmu a tura shi kwalejin horon malamai, ni kuwa wannan gurbi shi ne burina na duniya. Wanda ya je ya dawo ya zama mutum, wanda bai je ba zai tsufa yana rera baƙi da wasali da 'yan aji ɗaya. A shekarar sai aka ce sufeton makarantu zai zo daga Makurdi, mu uku masu neman gurbin kowa a ba shi littafi ya tashi ya yi sharhinsa a gaban jama'a, shi kuma sufeto ya zaɓa.

Sai na bayyana muku yadda muke karatu a zamanin, in ba haka ba za ku ce na ƙara gishiri. Littafin hira in ya iso, guda ɗaya ne tak, ga malamai tun daga Assakio har Obi kowa na son ya karanta. Sai hedimastanmu, Malam Bawa, ya ɓullo da dabara. Yakan sa reza ya farke ɗinkin littafin, ya raba shi kashi uku, kowane kashi ya yi masa bango da takardar buhun siminti, ya ɗinke da zare, ya rubuta lamba a kai. Ka gama na ɗaya ka miƙa wa na bayanka, ka jira na biyu ya iso daga hannun na gabanka, yawanci ranar kasuwa. Tun da na kama aiki ban taɓa ganin ya raba littafi ba uku ba.

Wanda ya faɗo a rabona labarin wani yaro ne, Tanimu, a zamanin fatake kafin zuwan Turawa. Ubansa madugu ne, ya rasu, yaron ya ɗauki sandarsa ya bi ayarin gishiri yana ɗan ƙanƙani. 'Yan fashi suka tare su, ya kwana da yunwa, ya koyi ɗaurin kaya da gane sawun kura, manya suna raina shi har suka fara neman shawararsa. Wallahi na so yaron nan kamar ƙanena. Kashi na uku ya ƙare a bakin wani babban kogi da ya yi ambaliya: kwalekwale ya kife, Tanimu ya tura wata yarinya gaɓa, ruwa ya rufe kansa, fatake suka tsaya suna salati. Daga nan sai sauran shafin fari fat. Na rufe, na ƙi cin tuwo ranar.

Da na yi hira da ko mutum ɗaya, da asirina ya rufu. Amma ina! Ni a tunanina kowa so yake ya sace mini basira. Malam Bawa da kansa ya tare ni a bakin ofis ya ce, "Malam, littafin ya iso hannunka duka kuwa?"

Na ce, "Na haddace shi ma, ranka ya daɗe." Na wuce ina taku ɗai-ɗai.

Ranar Asabar aka cika babban aji. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf, amma ni gumi nake. Malamai sun cika bencuna, dattawan kwamitin makaranta suna gaba a kan kujeru. Sufeto dogon mutum ne mai tabarau, ba ya dariya, ba ya gyaɗa kai, sai dai ya riƙa juya fensir a tsakanin yatsunsa. Na farko ya tashi ya yi nasa, ba yabo ba fallasa. Na biyu Malam Terna ne daga Assakio, wanda aka ba wani siririn littafi a kan noman gyaɗa. Ya yi ta in'ina, Hausar ma tana kufce masa. Na dube shi da tausayi, a raina ina cewa, bawan Allah, da ka huta a gida.

Da aka kira ni na miƙe, ina buɗe baki sai komai ya zauna. Na kai su hanyar fatake, na kwaikwayi muryar shugaban 'yan fashi, na nuna yadda yaro ke zama namiji a hankali ba tare da ya sani ba. Aji ya yi tsit. Har fensirin sufeto ya tsaya. Na ce a raina, kwaleji, ga ni nan tafe.

Sai na sassauta murya na shiga inda na fi ji da shi. Na ce, "Amma jama'a, ina da ƙara a kan mai littafin nan. Ya raini yaro, ya wahalar da shi, sai da ya kai bakin zama mutum sannan ya jefa shi a ruwa ya kashe shi. Wannan rashin imani ne!"

Sai na ji 'yar hayaniya a bencunan baya. Na ɗauka magana ce ta ratsa su. Malam Bawa ya yi tari, ya ƙara yin tari, ya zaro mini ido yana ɗaga hannu daga kan cinyarsa. Ni kuwa na fahimci cewa yake in ɗaga murya, sai na ɗaga. Na ce marubucin ba shi da ɗa, don mai ɗa ba zai aikata haka ba. Na ce da zan gan shi da na tambaye shi abin da maraya ya yi masa. Idanuna suka kawo ruwa (na gaske ne, ba na wasa ba, wannan ne ma ya fi ba ni haushi). Daga ƙarshe na buɗe hannuwa na ce, "Musulminmu da Kiristanmu, kowa ya yi wa Tanimu addu'a."

Dattawan kwamiti, waɗanda ba su karanta littafin ba, suka amsa da gaske, "Allah ya jiƙansa." Wani tsoho har ya shafa.

A daidai nan na hango mutum a bakin ƙofa. Malam Yohanna ne, malamin Agyaragu, wanda daga hannunsa nake karɓar kowane kashi. Wandonsa duk taɓo har gwiwa, yana haki, yana ɗaga mini wani abu sama. Bangon buhun siminti ne. Na ƙura ido, na ga lambar da ke kai da hannun Malam Bawa. Huɗu.

Jama'a, sai a lokacin na gane. Littafin ya fi sauran kauri, shi ya sa aka raba shi huɗu, kuma duk wanda ke gabana a layi ya san haka. Maimakon in yi shiru, sai na shiga neman hanyar zillewa. Na ce, "Wato... ita mutuwa a littafi, ai iri-iri ce. Akwai wadda mutum kan mutu, akwai kuma wadda... ake ganin kamar..."

Sufeto ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. Ya ce, a hankali, "Ci gaba, Malam, muna jin ka. A wane gari aka yi jana'izar?"

Shi kuwa Malam Yohanna, da bai san abin da ake ciki ba, ya ratso tsakiyar aji yana cewa da ƙarfi, "Malam, sori fa! Ruwa ya cinye gada, keke na ma ya yi faci, tun jiya ina hanya. Ga na ƙarshe naka. Kai, wannan Tanimu, bikin aure nashi ya yi daɗi!"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani malami ya zame daga benci. Tsohon da ya shafa addu'a ya juyo yana tambaya, "Wai bai mutu ba? To wa muka yi wa addu'a?" Malam Bawa ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da hula. Sufeto kaɗai bai yi dariya ba. Ya karɓi kashi na huɗu ya miƙo mini ya ce, "Karanta mana shafin farko. A tsaye."

Na karanta. Ga Tanimu a bukkar wani masunci, ya amayar da ruwa, ya buɗe ido, yana tambaya ko akwai abinci. Kowane layi na karanta sai a sake fashewa. Na roƙi ƙasa a raina ta tsage, ta ƙi.

Da aka lafa, sufeto ya mayar da tabaransa. Ya ce, "Malam, bakinka ya yi. Da littafin ya tsaya inda ka tsaya, da ba ni da zaɓi sai kai. Amma ba zan tura mutum kwaleji ya dawo yana binne wa yara mutane da ransu ba." Ya juya ya kira sunan Malam Terna. Mai noman gyaɗa, da in'inarsa da komai, shi ya tafi, don shi ya kai ƙarshen nasa.

Na so a ce a nan abin ya tsaya. Washegari na shiga kasuwa, mai nama ya ajiye wuƙa ya haɗe fuska ya ce, "Malam, ya haƙuri? Ashe rashi aka yi." Mai manja ta ce, "Sannu fa Ticha, Allah ya ba da dangana." Har 'yan ajina, in na shigo, sai su miƙe su gaishe ni cikin muryar ta'aziyya. Haka na yi ta karɓar gaisuwar mutuwar yaron da, a kashi na huɗu, ya zama madugu, ya yi aure, ya tsufa har ya ga jikoki. Ni kuwa na ƙara shekara biyu cur ina rera baƙi da wasali kafin layi ya sake zagayowa kaina.

Tun daga ranar, duk abin da aka miƙo mini, littafi ne ko labari, sai na tambaya, "Shi ke nan, ko da saura?" Kuma in aka ce mini wane ya rasu, nakan yi salati kamar kowa, amma ba na tara jama'a addu'a sai na ga makara da idona.