Yadda Za Ka Hana Masu Sare Reshe Mutuwa a Kan Wayar Lantarki

Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko ƙwarzane ba za a samu a ƙungiyarka ba. Ni da kaina na gwada su, a kamfanin da ke sare rassan da suka hau kan wayoyin wuta.

1. Nemi kayan aiki

Hular kwano fara fat, da riga mai ƙyalli. Bishiya kuwa kada ka taɓa hawa. Masani daga ƙasa ya fi hangen haɗari.

2. Kafa doka

Tara ma'aikata da safe, ka daki bayan mota ka ce, "Daga yau duk wanda ya ga abin da bai kwanta masa ba, ya ce 'Dakata!' Ko ni ne, sai na tsaya. Kuma ba mai hawa sai ofis sun kira sun ce an kashe layin wutar." Za su tafa. Kada ka ji daɗi da wuri.

3. Daure

Direba zai ce "Dakata!" don shayinsa bai huce ba. Dogo, babban mahayinku, zai faɗa don tururuwa ta shige masa wando. Yi murmushi, ilimi ne yake shiga.

4. Karya dokar da kanka

Ranar za ta zo. Mangwaro ya kwanto kan waya, rana ta take, manaja na ta kiranka, ofis kuwa shiru. Leƙa shagon aski, ka ga fanka a tsaye, mai askin na fifita da kwali. Sai ka ce, "Unguwar ma ba wuta. Dogo, hau!"

Dogo zai ɗora ƙafa a tsani, ya waiwayo. "Yallaɓai, dakata."

"Tururuwar ce kuma?"

"A'a. Ofis ba su kira ba."

Fusata. Tuna masa wanda ya kafa dokar. Kana tsakiyar faɗa fankar za ta juya, rediyon shagon ya ɓarke da kiɗa, yara su hau ihun an kawo wuta. Dubi reshen, dubi Dogo, wanda matarsa ke da tsohon ciki. Nemi wurin zama.

5. Kwashe yabon

Da ka dawo hayyacinka, miƙe ka ce gwada su kake yi. Ba mai yarda, amma za su ba ka ruwa. A gida ka ba uwargida labari, ka rage wasu wurare. Tawa dai ta saurara tsaf, sannan ta ce, "To Allah Ya yi wa Dogo albarka."

Gargaɗi

Idan ka bi matakan nan ma'aikata suka raɗa maka sunan da ba a faɗa a gabanka, babu ruwan marubuci. Shi ma har yau bai ji nasa ba, ya dai san direba na shaƙewa da dariya.