Ranar Da Na Gwada Talabijin Kamar Fatar Akuya

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, ko da na so, domin akwai mutum ɗaya a Dundaye da ya mayar da tuna mini ita sana'a.

A zamaninmu sayen talabijin ba ya buƙatar ilimi. Akwati ne na katako, wani har da ƙofa da makulli, ƙarti biyu ke ɗaukarsa suna nishi. Idan hoto ya fara rawa sai ka zabga masa mari a gefe, ya dawo hayyacinsa. Gilashinsa kuwa ko jaki ya harba, jakin ne zai yi ɗingishi. Yanzu fa? Wani abu ne shafal a rataye a bango, kuma kafin ka saya sai an karanto maka haruffa, LED, QLED, OLED, kamar likita na rubuta maka magani.

Ni dai na ɗauka na fi ƙarfin wannan. Fiye da shekara talatin na yi ina fataucin fata, jar fatar akuyarmu ta Sakkwato. Na kai ta birnin Fas, na kai ta Istanbul, na kai ta majemun Italiya. Ina jin Larabci da Faransanci, da ɗan Italiyancin ciniki (wato na iya cewa "ya yi tsada" da "rage mini"). Saboda haka duk abin da ke da waya a unguwarmu ni ake tambaya. In ba a tambaye ni ba ma ina ba da amsa.

Autarmu Hauwa'u za a kai ɗakin miji. Ranar Alhamis ne jere, ranar da mata ke zuwa su shirya wa amarya kayan ɗakinta, dangin ango na tsaye suna duba abin da aka kawo da abin da ba a kawo ba. Komai ya kammala sai talabijin. Matata Hajiya da ita amaryar sun riga sun je shago sun zaɓi wani LED madaidaici, mai shago ya ajiye musu. Saura a je a ɗauko.

"Alhaji, ɗaukowa kawai za ka yi," in ji Hajiya. "Ɗaukowa. Kada ka tsaya yi musu lacca."

Wannan magana ta ɓata mini rai. Ni da na ga talabijin mai girman ƙofar gari a filin jirgin Istanbul, ni ake aike kamar ɗan dako?

Na kira taubashina Umaru, ɗan ƙanwar mahaifina, saboda yana da akori-kura. Manomin albasa ne a Dundaye, bai taɓa wuce Illela ba, kuma tun muna yara ba ya kirana da sunana. Bature yake ce mini.

Mun isa shagon bayan azahar. Mai shagon, Nasiru, mutum ne mai ladabi. Ya gaishe mu, ya fito da kwalin Hajiya, ya ce, "Baba Alhaji, ga shi nan, a sa a mota?"

Da na ce a sa, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma sai na ce a buɗe in gani.

Aka jona. Na sa aka kunna wasu biyu kusa da shi, aka sa musu hoto iri ɗaya, na kuma sa aka kashe fitilar shagon. Daga nan na fara abin da aka hana ni. Na yi wa Nasiru bayanin kayansa: shi LED fitila ce a bayan gilashi, shi ya sa baƙinsa ba baƙi ba ne, toka ce. QLED ya fi shi hasken launi, amma shi ma fitilar na nan a baya. OLED kuwa kowane ɗigo shi ke kunna kansa ya kashe kansa, saboda haka baƙinsa baƙi ne ƙirin. Na ce duk wanda ya yi harkar rinin fata ya san baƙi ba iri ɗaya ba ne, kuma ni a Fas na koyi bambance su. Na tsaya a gaba, na koma gefe, na tsuguna (gwiwata ta yi ƙara, kowa ya ji). Nasiru na ta cewa, "Haka ne, Baba Alhaji," irin faɗin mutumin da ya san duk wannan tun kafin in karya kumallo.

"Bature, mi kaka nema ne?" in ji Umaru. "Yarinya labarai za ta gani da wasan kwaikwayo. Wa zai zauna kallon baƙi?"

Akwai wani mutum da ya shigo tun ɗazu ya tsaya yana saurare, direban babbar mota mai ɗaukar siminti a Kalambaina, Malam Sani. Ya nuna na Hajiya ya ce, "Baba, wannan fa, ba ka so?"

"Wannan?" na ce. "Ko kyauta ba na kai wa ɗiyata toka. Nasiru, sayar masa."

Nasiru ya dube ni sau biyu. "Baba Alhaji, Hajiya fa ta ce..."

"Ni ne uban amarya ko Hajiya?"

Aka mayar da shi kwali, Malam Sani ya ɗaure a bayan babur ya tafi. Ni kuwa na tsaya gaban OLED ɗin, wanda shi kaɗai ne a shagon, ina jin kamar na zaɓo fata ɗaya mai kyau daga cikin dubu.

Umaru ya zagaya bayansa ya leƙa, ya dawo yana girgiza kai. "Wanga abu sirit awa kilishi? Wallahi Bature, iskar fanka sai ta karya shi. Wanga kaka kai ma surukai?"

To ku da ba ku yi harkar fata ba, ga yadda muke yi. In mai saye ya yi shakkar ƙwarin fata, ba ka yi masa gardama da baki. Sai ka kama gefenta, ka lanƙwasa, ka danna da babban yatsa ya gani da idonsa ba ta tsage ba. Hannuna ya yi haka sau dubbai, a ƙasashe huɗu. Ranar nan ma bai nemi shawarata ba. Na kama kusurwar talabijin ta sama, na ɗan lanƙwaso ta, na danna, na ƙara da ƙwanƙwasawa da zoben azurfata, ina cewa, "Duba nan, baƙauye!"

Sai na ji ƙas.

Ƙaramar ƙara ce, kamar an taka gyaɗa. Wani layi ya ratsa daga sama zuwa ƙasa, sai baƙi ya fara malala daga inda yatsana yake, kamar an kifar da tawada. Cikin ɗan lokaci ya cinye rabin hoton.

Nasiru ya ɗora hannu biyu a ka, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Umaru ya matso, ya duƙa, ya ƙare wa abin kallo.

"Gaskiyarka, Bature," ya ce. "Baƙin wanga ya fi na sauran."

Na biya, ba sai na faɗi nawa ba. Abin da ya rage a aljihuna ba zai sayi QLED ɗin ba, kuma irin na Hajiya, in ji Nasiru, wanda na sa aka sayar shi ne na ƙarshe, sai mako mai zuwa kaya za su iso daga Kano. Jere kuwa gobe da safe. Na ce mu zaga wasu shagunan. Umaru ya tuna mini cewa an riga an kafa wa na Hajiyar ƙarfen rataya daidai girmansa a bangon amarya, kuma Hauwa'u ta nuna wa ƙawayenta hotonsa a waya. Dole na kira Hajiya.

Ta saurare ni har na gama. Ba ta ɗaga murya ba. "Alhaji, wanda muka zaɓa nake so in gani a gidan nan kafin magariba." Ta kashe.

Nasiru na da lambar Malam Sani. Haka muka kama hanyar Kalambaina a akori-kura, fasasshen OLED na kwance a baya, Umaru na tuƙi yana dariya har yana share hawaye da hula. Duk ramin da muka faɗa sai ya ce, "A hankali mota, kayan Italiya muka ɗauko."

Mun iske Malam Sani ya buɗe kwali a tsakar gida, iyalinsa sun kewaye shi. Na yi sallama, na gaishe shi gaisuwa mai tsawo irin wadda ban taɓa yi wa wanda na haifa ba, har na tambayi lafiyar motarsa. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Baba," ya ce, "ba kai ka ce toka ce ba?"

"Na ce."

"Ka ce ko kyauta ba ka so."

"Malam Sani, tokar ma iri-iri ce. Wannan mai kyau ce."

Umaru ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Matar gidan ce ta cece ni. Daga bayan labule ta ce, "Haba Malam, kayan amarya ne fa, a ba su. Mu ma jira mako ɗaya." Na mayar wa Malam Sani kuɗinsa, muka ɗauko. Allah Ya saka wa baiwar Allah nan. Ban ga fuskarta ba, kuma na gode da ita ma ba ta ga tawa ba.

Aka yi jere, aka rataye LED a bango, dangin ango suka yaba. Na tambayi Hajiya ko wata ta yi maganar baƙinsa. Ta ce ba a ma kunna shi ba, babu wuta.

Abin da na koya kaɗan ne, amma na saye shi da tsada: idan mata sun gama zaɓe suka ce ka ɗauko, to ɗaukowar ce aikinka. Tun daga ranar ba a sake aikena sayen komai a gidan nan ba, ko ƙwan fitila. Maƙwabta ma sun daina kawo mini tambaya, Hajiya suke nema.