Ranar da Kwamfutocinmu Suka Ɓace

Ni ke kula da kwamfutocin ofishinmu a Keffi, kuma a lokacin gani nake babu kamata. Wata Juma'a na saita manhajar da nake duba su ta riƙa jero mini masu matsala kaɗai. Kafin Litinin na manta.

Ina buɗewa na ga allo wayam. Na ruga wajen shugabarmu ina haki.

"Hajiya, kwamfutocinmu duk sun ɓace."

Ta dubi wadda ke gabanta. "Har da wannan, Malam?"

Ashe duk lafiyarsu ƙalau, shi ya sa babu ko ɗaya a jerin.

Har yau in na shigo, sai sakatariyarmu, Madam Ngozi, ta rungume tata: "Oga, tawa dai tana nan, ka shaida."