Nomau da Firintar Yayarsa

A garin Rafin Gora, can bayan kasuwar hatsi, akwai gidan wata malamar makaranta mai suna Lantana. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta Nazifi kuma yana aiki a Kaduna, saboda haka daga ita sai ƙanenta Nomau a gidan, sai awaki da kaji. Nomau magidanci ne a shekaru, ƙaƙƙarfa, mai fara'a, ba ya ƙyuyar aike. Abu ɗaya ne kawai: magana ba ta da ciki da waje a wurinsa, yadda ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta. An taɓa ce masa ya sa ido a kan tukunya, aka dawo aka tarar ya kifa fuskarsa a kan murfi, tururi na sa shi hawaye.

Da safe Lantana tana koyarwa a firamare, da la'asar kuma zauren gidan ya zama ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa. Yawancinsu tsofaffi ne, rubutun allo ba ya ganuwa gare su sosai. Shi ya sa Nazifi ya kawo wa mahaifiyarsa firinta, wato injin buga rubutu a takarda, irin wadda ba a haɗa ta da kwamfuta da igiyar waya. Wani ɗan akwatin wayifai, wanda bai fi sabulun wanki girma ba, shi ke kai saƙo tsakaninsu. Lantana ta riƙa buga wa mata darasi da haruffa manya-manya, karatu ya kankama.

Nazifi bai daɗe da komawa ba firinta ta fara nuna halinta. Yau ta yi aiki, gobe ta ƙi, jibi ta fito da rabin shafi ta tsaya. Ga shi bikin yaye ɗalibai ya matso, inda kowace mace za ta miƙe ta karanta shafi guda a gaban 'ya'ya da jikoki. Iya Gaje, wadda ta fi kowa tsufa a ajin, ta ce in ba a sami manyan haruffa ba, ba za ta tsaya tana lalube a gaban jikokinta ba. Nazifi da safe kaɗai yake samun sararin yin waya, lokacin da Lantana ke cikin aji. Sai ta bar wa Nomau ƙaramar wayarta, ta ce duk abin da Nazifi ya ce ya yi, ya yi shi.

Wata rana Nazifi ya kira, ya sa kawunsa ya faɗa masa launin 'yar fitilar da ke goshin firinta. Da ya ji, sai ya ce ai ba ta ganin wayifai ne, za a san yadda za a yi ta gani. Nomau ya tausaya mata. Ya shiga ɗakin yayarsa ya ɗauko tandun kwalli, ya rambaɗa wa 'yar fitilar da ɗan gilashin da ke kusa da ita. Lantana ta dawo ta tarar da firinta kamar amarya. Nomau ya ce mata, "Yaya, ko Iya Gaje in ta sa kwalli takan ce ta ga haske." A ranar, da tsumman goge kwalli a hannu Lantana ta koyar da darasi.

Wata rana kuma Nazifi ya ce wataƙila barci ta yi, haka take in an daɗe ba a taɓa ta ba, a tashe ta. Nomau ya yi mata sallama, ya tafa hannu, ya kira sunanta, shiru. Sai ya kamo zakara ya ɗora a kanta, ya tsuguna yana jira ya yi cara. Hantsi ya riga ya dubi ludayi, zakara bai ga dalilin cara ba. Abin da ya ga dama ya yi shi ya yi a kan fararen takardu, ya tashi fir ya bar gashinsa.

Wata rana Nazifi yana sauri, ya ce, "Kawu, abu mai sauƙi. Ka kashe ta, ka ɗan jira, sannan ka kunna ta."

Nomau ya tambaya ko ba wata hanya, Nazifi ya ce wannan ce kowa ke fara gwadawa, ya katse waya. Nomau ya tafi mahauta, ya roƙi Jatau mahauci aron wuƙa, ya kuma tambaye shi ta ina wuyan firinta yake. Jatau ya ce shi dai bai taɓa feɗe irinta ba, amma zai zo ya gani, mutanen da ke wurin suka biyo su. Nomau ya fito da ita tsakar gida, ya ɗaure ta da igiyar akuya, ya tara ƙirare a gefe don kunnawar da za a yi daga baya. Yana wasa wuƙa yana ba ta haƙuri, yana cewa ba shi ya yanke hukunci ba, daga Kaduna aka aiko. Allah ya sa Iya Gaje ta shigo aron rariya. Da ta gane abin da ake ciki, ta dogara sandarta ta je ta tsaya a gaban firinta ta ce sai dai ya fara da ita. Nan ta tsaya, Jatau na dariya har yana riƙe ciki, har Lantana ta dawo. Ita ce ta nuna wa Nomau ɗan madannin da ake nufi. Aka kashe, aka kunna, firinta ta yi tari ta fito da layi biyu, ta sake yin gum. Nomau dai murna ya yi, ya ce ko ba komai tana da rai.

Wata rana, bayan an ja masa kunne cewa kada ya ƙara kusantar ta da ƙarfe ko wuta, Nazifi ya ce mai yiwuwa ta manta kalmar sirri, sai an sake ba ta. Nomau ya duba cikinsa bai sami sirri ko ɗaya ba, domin shi duk abin da ya sani kowa ya sani. Sai ya tafi wurin Cindo wanzami, wanda ake cewa babu sirrin garin da bai ratsa ta kunnensa ba. Cindo ya sunkuya ya raɗa masa wata magana. Nomau ya dawo da la'asar, mata sun cika zaure, ya durƙusa ya kai bakinsa ramin da takarda ke fita. Da yake yana zaton tana da nauyin ji, sai ya ɗaga murya ya ce mai unguwa rina gemunsa yake yi. Kowa ya juya wajen matar mai unguwa, wadda ke zaune a layin gaba. Ita ta fara fashewa da dariya, ta ce ai ita ke kwaɓa masa rinin.

Daga ranar Lantana ta karɓe wayarta. Ba ta yi masa faɗa ba, ta dai ce ya bar firinta ta huta, shi ma ya huta. Nomau ya koma bayan gida wajen awaki ya zauna, tuwon ma kaɗan ya ci. Ba dariyar mutane ce ta dame shi ba, wannan ya saba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne Iya Gaje ta aiko cewa a cire sunanta daga masu karatu.

Wata rana, ana gobe biki, Lantana tana gida, ta kira Nazifi ta buɗe muryar waya tana tankaɗe. Nomau yana bakin rijiya yana ji. Nazifi ya ce duk ya rasa gane kan abin, shi dai abin da ya sani firinta da akwatin wayifai ba sa magana da juna, kuma in ba su daidaita ba babu abin da zai fito. Lantana ta ce a bar shi, za ta rubuta abin da ta iya da hannu, ko da ba zai ishi kowa ba. Ta shiga kicin.

Nomau ya ajiye guga. Ashe gaba suke yi, kuma a gida ɗaya, ba wanda ya gaya masa. Ya lallaɓa ɗakin yayarsa ya nemo akwatin, wanda da batirinsa yake aiki, ya sa a aljihu. Sannan ya ruga gidan Iya Gaje ya ce mata wasu biyu a gidansu sun daina magana, ta zo ta shiga tsakani. Iya ta zaci shi da Lantana ne, ta yafa mayafi ta biyo shi tana salati. Da ta shiga zaure sai ta ga tabarma a shimfiɗe, firinta a gefe ɗaya, ɗan akwati a gabanta suna fuskantar juna, ga ƙwaryar ruwa a tsakiya. Ta so ta juya, amma ƙafafunta sun gaji, sai ta zauna.

Nomau ya gyara murya ya fara da firinta. Ya ce ita ce babba, babba kuwa juji ne, ko me ƙaramin ya yi mata ta yafe. Ya juya ga akwati ya ce ƙanƙanta ba hauka ba ce, shi ya kamata ya fara gaisuwa. Ya ce su dubi tsohuwar nan, saboda rigimarsu za ta fasa karatu a gaban jikokinta, su ji kunya mana.

Yana cikin haka Lantana ta shigo, kwamfuta a buɗe a hannunta. Ta so ta sake gwadawa ne ta tarar babu akwati a inda take ajiye shi. Ta buɗe baki za ta yi magana ke nan, sai fitilar firinta ta daina ƙiftawa ta tsaya cak. Aka ji ta ja takarda. Shafi ya fito, wani ya biyo, wani ya biyo, duk abin da Lantana ta yi ta aikawa a 'yan kwanakin nan ya riƙa zubowa kan tabarma. Nomau ya girgiza kai ya ce ashe magana ce fal cikinta.

Iya Gaje ta tsinci shafinta a cikin tarin, ta kai shi kusa da fuska, ta bi da yatsa a hankali. "Sunana Gaje," ta karanta. "Yau ni nake karanta wa kaina." Ta ninke shi ta sa a gefen zane, ta ce a mayar da sunanta.

Da aka kira Nazifi, sai ya tambayi inda akwatin yake zaune a da. Lantana ta ce tun da ya tafi ta adana shi a cikin kabad ɗinta na ƙarfe, can ƙuryar ɗaki, don kada yara ko awaki su taɓa. Nazifi ya yi dariya ya ce komai ya tambaya ban da wannan. Ƙarfe da kaurin katangar ƙasa su suka tare saƙon, in ƙofar kabad na buɗe ya ɗan ratso, in an rufe ya yanke. Ya ce a bar akwatin a fili kusa da firinta, ya kuma ce a ba shi kawunsa ya yi masa godiya.

Washegari zaure da ƙofar gida suka cika. Mata suka yi ta miƙewa ɗaya bayan ɗaya, Iya Gaje ta karanta nata ba tuntuɓe, jikokinta na ta guɗa da tafi. Da ta gama ba ta zauna ba, sai da ta nuna Nomau da sandarta ta ce shi ya gyara injin. Mutane suka yanyame shi, har da Jatau da Cindo, suna tambayar dabarar da ya yi.

Nomau ya sosa ƙeya ya ce, "Ni ban gyara komai ba. Zaunar da su na yi kusa da juna."