Rasuwar Hajiya Doya, Wayar Alhaji Buraima, Bayan Ciwon Gishirin Teku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, zuciyar da ƙahon bijimi bai taɓa girgiza ta ba, Alhaji Buraima Mai Shanu na Moshi Zango, Kumasi, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da dillalan shanu da mahauta, da duk wanda ya taɓa jin muryarsa daga nesa, rasuwar wayarsa kuma abokiyar tafiyarsa, Hajiya Doya. Ta cika a kasuwar Kejetia, a kan teburin Wahab mai gyaran waya, bayan jinyar da ta ɗauko daga tsakiyar teku. Duk abin da ya yi farko zai yi ƙarshe.

Samarin Zango ne suka laƙaba mata Doya, kamar yadda suke kiran duk wata waya mai maɓallai, don ba'a. Alhaji ya karɓi sunan ya ƙara mata Hajiya, domin ta je Makka a aljihunsa ta dawo, su kuwa masu ba'ar ko Ankara, babban birnin ƙasar, wasunsu ba su taka ba.

Marigayiya baƙa ce, gajera, mai kauri, ba ta da ado. Caji ɗaya takan yi ta kai Juma'a. Ta faɗi a garken shanu, saniya ta taka ta, ta tashi. Ta faɗa kwata a bakin tasha, aka wanke ta, ta ci gaba da aiki. A shekarun dumso, lokacin da wuta ke zuwa kamar baƙon kunya, fitilarta ce ke kai Alhaji masallaci. Ba ta taɓa nuna masa hoton banza ba. Ba ta iya gulma ba. Halinta halin mai gidanta ne, mutumin da ya koro shanu da ƙafa tun daga arewa har Kumasi, ya ga shekarar da aka kori baƙi bai gusa ba, ya ga shekarar yunwa da gobarar daji, mota ta kife da shi a hanyar Kintampo ya fito yana kakkaɓe riga yana tambayar hularsa. Bai shiga aji ba, amma ba a haifi ɗan bokon da ya taɓa cutarsa ko da kwabon pesuwa ɗaya ba. Wannan kowa ya sani.

Muryoyi da yawa sun bi ta bakin marigayiya. Akwai ta Barkisu, 'yar Alhaji da ke aikin jinya a Italiya: "Baba, ka sha maganin kuwa, ko ka sake ba awaki?" Akwai ta wata mata ta kamfani mai Turanci ta hanci, wadda ba ta taɓa yin sallama ba, shi ya sa Alhaji bai taɓa amsa mata ba. Amma sautin da ya fi zama a kunnensa shi ne "kilin", sau ɗaya tak, kowace safiya bayan asuba.

Wannan "kilin" na Hamadu ne. Hamadu abokin Alhaji ne tun suna bin shanu ba takalmi, kuma a cikin duk waɗanda suka yi waccan tafiya su biyu suka rage. Da ƙafafun Hamadu suka daina kai shi bencin hirarsu kullum, sai suka yi ƙa'ida. In an idar da asuba, Alhaji ya danna maɓallin da Wahab ya ware wa Hamadu, ta yi ƙara sau ɗaya, ya kashe. Ma'anarsa: ina nan. Hamadu ya mayar da nasa filashin: ni ma. Ba a ɗauka, ba a ci katin kowa ba. Hamadu mutum ne da bai taɓa barin waya ta yi ƙara sau biyu ba tun da aka ƙirƙiro ta. In Alhaji ya yi kuskure ya kira shi sosai, abin da ke fitowa daga bakin Hajiya Doya shi ne: "Kashe, kashe, tsohon banza, gadon wa kake ci?"

Akwai kuma alkawari na biyu. Wanda ya rage shi zai sauka cikin kabari ya karɓi ɗan'uwansa da hannunsa, ya gyara masa kwanciya, ya juya fuskarsa alƙibla. Alhaji ya sha faɗa a gaban jama'a cewa shi zai yi wannan aiki, Hamadu ya shirya. Hamadu yakan yi dariya har ya yi tari.

Ga yadda ciwon ajali ya samu marigayiya.

Barkisu ta ɗauki mahaifinta zuwa Italiya a duba masa ido. Da aka gama, ta ce sai ya huta, ta biya masu jirgin ruwa irin na shaƙatawa, wanda ba ya ɗaukar shanu ko goro, yawo kawai yake da mutane daga gari zuwa gari. Jirgi ne kamar an ɗauki kasuwar Kejetia da benayenta an ɗora a kan ruwa. Kafin su shiga ta ja masa kunne. Ta ce ta sa an buɗe masa layi ya yi aiki a ƙasar waje, amma tsakiyar teku wani abu ne dabam: jirgi yana da nasa netwok da ke saukowa daga sama, yana cin kati kamar wuta a busasshiyar ciyawa, kuma ko kiran ka aka yi ka ɗauka, kai za ka biya. A kashe waya, sai an tsaya a gaɓa a kunna. In da magana, ga tata mai gilashi, ta sayi wayifai na jirgin. To amma wayar Hamadu Doya ce ita ma, uwa ɗaya uba ɗaya da marigayiya, ba ta san wani wayifai ba.

Alhaji bai tsaya ga maganar mace ɗaya ba. Ya nemi wani Ba'asante da ke wanke kwanuka a jirgin, ya gaishe shi da yarensu na Tuwi, ya tambaye shi. Mutumin ya tabbatar, har ya ƙara da cewa ya san Baturen da ya yi hira da matarsa a tsakiyar ruwa, ya koma gida ya sayar da mota. Nan Alhaji ya ɗaura ɗamara. Teku ta ci Turawa, amma ba za ta ci Buraima ba.

Dabararsa ta yi aiki. Duk garin da jirgi ya tsaya, sai ya sauka, ya taka ƙasa da ƙafa biyu, ya kunna Hajiya, ya danna. Kafin ya gyara hula, "kilin". Daga garuruwan da ko sunansu Hamadu ba zai iya faɗa ba, gaisuwa ta je Moshi Zango ta dawo kyauta. Da a ce akwai adalci, da an rubuta wannan a jarida.

Sai aka shiga wani dogon ruwa wanda ba gaɓa, ba tsuntsu. Ran nan bayan la'asar Alhaji yana zaune shi kaɗai a kan wata doguwar kujera, Turawa suna ta gasa jikinsu a rana kamar kilishi. Ya ciro marigayiya ya kunna, don ya ga fuskarta kawai. Ba ta daɗe da buɗe ido ba ta ce "kilin".

Ya jira ta yi shiru. Ba ta yi ba. "Kilin, kilin, kilin." Ta yi ta yi har numfashinta ya ƙare. Ta huta kaɗan, ta sake. Ta kuma sake.

Babban yatsan Alhaji yana kan koren maɓalli. Amma shi mutum ne mai lissafi. Ya ce wataƙila Hamadu ya zauna a kan wayar ne. Wataƙila jika ke wasa da ita. Ko kuma, wanda ya fi kama da gaskiya, tsohon yana gwada shi ne, ya ɗauka teku ta cinye shi, a samu abin dariya a benci har ƙarshen shekara. Alhaji bai faɗa tarkon ba. Ya kashe ta, ya mayar aljihu. Abincin jirgin na ranar bai yi masa daɗi ba, amma dama Turawa ba su iya barkono ba.

Washegari ƙasa ta bayyana can nesa, kamar tozon sa. Aka ce ba a nan za a tsaya ba, wucewa za a yi. Alhaji ya ga in netwok na ƙasa ba zai zo wurinsa ba, shi zai miƙa masa hannu. Ya ɗauko sandarsa ta kiwo, wadda ya yi rigima da ma'aikatan filin jirgi biyu a kanta ya ci nasara, ya sauka hawa mafi kusa da ruwa, ya kunna Hajiya, ya danna maɓallin Hamadu, ya ɗaure ta a kan sandar da bakin rawaninsa, ya miƙa ta waje iya tsawon hannu. Ba wanda ya taɓa yin wannan tunani a cikin dubban mutanen da ke jirgin. Wasu har hoto suka ɗauka. Iska tana kaɗawa. Igiyar ruwa ta mari cikin jirgin, feshinta ya tashi ya yi wa marigayiya wanka.

Wadda ta sha ruwan kwatar Kejetia ta rayu, ruwan gishiri ya kayar da ita. Idonta ya dushe. Maɓallanta suka sandare. Muryar nan mai kaifi ta koma "kirrr", kamar maƙoshin tsohon da ya kwana da tari. Barkisu ta binne ta a ɗanyar shinkafa, ba ta farfaɗo ba. Lambar Hamadu kuwa tana cikinta. Alhaji bai taɓa buƙatar saninta ba, yatsansa ya san hanya. Barkisu ta kira gida da tata wayar, ta juya baya, ta yi magana ƙasa-ƙasa, sannan ta ce kowa lafiya, suna gaisuwa. Alhaji mutum ne da ke gane saniya marar lafiya tun daga bakin garke. Ya kalli 'yarsa. Bai sake tambaya ba.

Da ya dawo Zango, har an naɗe tabarmin zaman makoki a ƙofar gidan Hamadu. Mamuna, matar Hamadu, ita ta ba shi labari. A ranar nan da Hajiya ta yi ta ƙara a teku, Hamadu ya sa aka jingina shi da bango, ya hana kowa ya danna masa, ya riƙe waya a kunne da hannu biyu. Ta tuna masa kati. Ya ce bari ya ƙare. Ta tambaye shi saƙon, ko za ta isar. Ya ce na Buraima ne. Bai kai wata la'asar ba. Samari suka saukar da shi kabari, yaran da ba su san wane ƙugu ne ke masa ciwo ba balle su lallaba shi.

Daga gidan Alhaji bai zauna ba, ya wuce Kejetia da marigayiya a hannu. Ya gaya wa Wahab ba gyara kawai yake so ba: akwai magana a cikinta, wadda ta zo ta tarar ba a buɗe ƙofa ba, a fito masa da ita ko nawa ne. Wannan ne karo na farko da aka ji "ko nawa ne" daga bakin Alhaji Buraima. Wahab ya buɗe cikinta, ya tarar gishiri ya ci hanjin ya yi kore. Ya goge, ya hura, ya gasa da ƙarfensa. Ta buɗe ido sau ɗaya, fari fat ba rubutu, ta rufe. Wahab ya ce ko da ta tashi, kiran da ba a ɗauka ba ba ya barin komai. Alhaji bai yarda da wannan ba. Yaro ne, iliminsa bai kai can ba.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin baƙin salatif, da robar da ta riƙe mata baya tun shekarar da saniya ta taka ta, da sim wanda Barkisu ta sa a wata sabuwar waya mai gilashi da ke kwance cikin kwali, ba a gaisa da ita ba tukuna. Ta bar sandar kiwo, wadda ba ta da laifi. Ta bar 'yar'uwarta a ɗakin Mamuna, a kashe. Ta bar Alhaji Buraima, wanda ya riga ya faɗa cewa shi zai rage, kuma ga shi ya rage, yana farkawa kafin ladan, yana idar da asuba, yatsansa yana neman maɓalli a aljihu.

An ji wasu suna cewa a shagon aski rowa ce ta jawo. Masu wannan magana ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na rafin Subin ba. Su zo su faɗa a gabansa. Teku ce ta yi ɓarna, ita da masu jirgin da suka sa wa sallama farashi. Kamfani dai bai samu pesuwar Alhaji ba. Katin yana nan cif, ba a taɓa shi ba, duk mai so ya zo ya gani.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan la'asar, a gindin bencin da ke gefen mai koko a Moshi Zango, ta ɓangaren da Hamadu ke zama. Liman ya aiko cewa ba a yi wa ƙarfe salla. Alhaji ya sani, ba sai an gaya masa ba. Za a naɗe ta a farin ƙyalle. Alhaji ne zai haƙa da kansa, shi zai saka ta da hannunsa, shi zai gyara mata kwanciya. Kada wani saurayi ya miƙo hannu ya ce zai taya shi. Za a raba goro da koko da ƙosai, sadakar kuwa da sunan Hamadu za a yi ta, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya kashe wayarsa. Wanda tasa ta yi ƙara a wurin, ya ɗauka. Za a jira shi.