Ranar da Barista Ya Manta Hatimi

Idan ana lissafin masana doka a layinmu, to a ware Barista Hatimi gefe guda, don ba shi da sa'a. Shekara goma sha tara ya yi a ofishin lauyoyi. Gaskiya ne aikinsa a can bai wuce ɗaukar fayil da kunna fanka ba, amma mu mun yarda ilimin ta hammata ya shige shi. Ranar da ya yi ritaya ya fito da abu biyu: baƙar kwat da ta ƙoƙe a gwiwar hannu, da hatimin roba da ya ba da aka sassaƙa masa, ɗauke da sunansa da "Masanin Shari'a" a ƙasa.

Tun daga nan babu abin da ya tsira. Ya buga wa ƙofar gida, ya buga wa firij, ya buga wa bokitin wanka. Matarsa ta ce ita kanta ba ta yarda ta daɗe zaune wuri ɗaya.

"Duk abin da ba shi da hatimi," in ji Barista, "a idon doka babu shi."

Sai kuma ya sayi kare. Ba don ɓarayi ba, don ɓarawon da zai shiga gidan sai dai ya saci bokiti mai hatimi. Ya dai ga manyan lauyoyi suna ajiyewa ne. Ya raɗa masa suna Sammaci, ya yi masa katin shaida mai hotonsu su biyu, ya rataya masa a wuya. Da maƙwabta suka roƙe shi ya riƙa ɗaure shi, sai ya gyara kwat ya ce, "Tsare mai rai ba tare da umarnin kotu ba babban laifi ne. Ku je ku yi karatu."

Wata safiya Tela, mai shago a tsallaken layi, ya kawo kwat ɗin nan da aka ba shi ya yi wa faci. Ko sallama bai gama ba Sammaci ya cafke masa sha-raɓar dama. Mutumin da ya saba ɗinke kayan jama'a, ranar shi aka yi wa ɗinki bakwai a asibiti. Keken ɗinkinsa na ƙafa ne, ƙafar kuwa ta kumbura. Keke ya tsaya, ɗinkin mutane ya taru, ga 'ya'ya huɗu a gida. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne tambayar likita: an yi wa karen rigakafin hauka?

Ya ɗingisa ya je ya tambaya. Ya tarar katin wuyan Sammaci ya yi ɓatan dabo.

"Wane kare?" in ji Barista. "Wancan? Ai mai zaman kansa ne. Muna dai gaisawa. Kwana a gidana ba hujja ba ce, sauro ma a nan yake kwana."

Tela ya kai ƙara ofishin sasanci. Ɗaki ne mai tebur ɗaya da benci biyu, da fankar da ba ta juyawa. Barista ya zo da kwat da ƙatuwar jaka, matarsa na biye. Jami'ar sasancin, wata dattijuwa mai tabarau, ta yi bayani a taƙaice: wanda ya ajiye kare ya sake shi har ya ciji mutum, shi ke ɗaukar magani da asarar aikin wanda aka ciza.

Barista ya miƙe. Ya yi minti arba'in yana jawabi. Ya kira ta "ya mai shari'a" sau goma sha ɗaya, ya juya yana yi wa fanka bayani, ya rufe da cewa shi da wannan dabba babu dangin iya babu na baba.

"Shi ke nan, Malam," in ji jami'ar, ta ɗauki biro. "Sai mu rubuta: karen bola ne, ba mai shi, ba rigakafi. Gobe ma'aikatan dabbobi su zo su kwashe shi."

"Dama da gani na bola ne, Hajiya," in ji Tela. "Duk kaska, ga wari."

Nan fa jijiyar wuyan Barista ta miƙe.

"Kaska? Sammacin? Karen da nake yi wa wanka da sabulun da ni ban taɓa shafawa ba? Kai, Tela, ka iya bakinka!"

Ya zuge jaka ya fara zubewa a tebur: katin rigakafi, takardar saye, katin wuyan da ya ɓata, hoton su biyun a kan kujera ɗaya. Kowace takarda hatimi uku, wata huɗu. Sai da ya zube ta ƙarshe ya lura da abin da ya aikata.

Tela ya ɗauki katin rigakafin ya duba kwanan wata, ya sauke ajiyar zuciyar da ya kwana shida yana riƙe da ita. Jami'ar kuwa ta tattara sauran, ta ce tun da take aiki ba ta taɓa ganin wanda ya kawo hujja a tsare haka ba. Wallahi har sai da Barista ya ɗan yi murmushi.

Aka rubuta yarjejeniya: zai biya magani, zai ɗauki cefanen gidan Tela har ƙafa ta koma kan keke, Sammaci kuma zai shiga sarƙa. Barista ya sa hannu, ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, idonsa ya kawo haske.

"Ash! Na manta hatimi a gida. Takardar nan kuwa, a idon doka..."

"Ga shi, maigida," in ji matarsa, ta ciro daga jakarta. "Na ga ka tura shi ƙarƙashin katifa, na ce ko mantuwa ce."

Tela ya karɓa, ya hura masa iskar baki don tawada ta jiƙa, ya miƙa da hannu biyu. Barista ya buga. Cikin dubban hatimin da ya buga a rayuwarsa, wannan ne na farko da ya yi aiki.